Likita ya rubuta wa mahaifiyarmu mofin, yayanmu ya kulle kwalbar

Baban Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba ilimin magani a wannan zaure, domin wata magana ta raba kan gidanmu tun ranar Talata. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon daji na mama shekara biyu ke nan, kuma a watan jiya likitoci suka tabbatar mana cewa ciwon ya shiga ƙashi. Yanzu ko juyi ba ta iya yi a kan gado sai da kuka, farasitamol da sauran magungunan da take sha kuwa sun daina yi mata komai. Likita ya rubuta mata mofin na ruwa, ya ce a riƙa ba ta duk bayan awa huɗu, amma babban yayanmu ya ɗauke kwalbar ya kulle a ɗakinsa, ya ce muddin yana numfashi ba za a mayar masa da uwa 'yar ƙwaya ba. Ni ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, saboda ɗansa na fari tramol ce ta lalata shi, kuma an gaya masa cewa mofin da tramol dangi ɗaya ne. Shin gaskiya ne dangi ɗaya ne? In kuwa haka ne, me zai hana abin da ya sami yaron ya sami tsohuwa?

Auwalu Mai Haɗa Magani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da aka gaya wa yayanku gaskiya ne: mofin da kodin da tramol da allurar pentazosin da heroin duk ƙofa ɗaya suke bi su yi aiki a jiki. Tushen mofin da kodin da heroin ƙaro ne da ake tatsa daga kan wani fure, wanda ake kira ofiyom, kuma daga cikinsa ne wani Bajamushe mai koyon haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace mofin wajen shekarar 1805. Ita tramol ba daga fure take ba, a ɗakin bincike aka haɗa ta a Jamus a 1962, ta shiga kasuwa a 1977.

Ga yadda suke aiki. Idan mutum ya taka ƙusa, saƙo ne yake tashi daga ƙafa, ya yada zango a laka, sannan wata jijiya ta karɓa ta kai ƙwaƙwalwa, kuma sai ya isa can mutum yake jin zafi. A jikin waɗannan jijiyoyi akwai wasu ƙananan gurabe masu kama da kwaɗo, waɗanda masu bincike suka tabbatar da samuwarsu a 1973. Bayan shekara biyu, a birnin Aberdeen na Birtaniya, aka gano cewa jikin ɗan Adam da kansa yana ƙera makullin waɗannan kwaɗuna, wato sinadaran da ake kira endofin da 'yan'uwansu, waɗanda suke taimaka wa wanda ya yi hatsari ya miƙe yana ceton wasu bai ma lura da nasa raunin ba. Mofin makulli ne na aro da ya dace da kwaɗon, sai dai ya fi na jiki ƙarfi da daɗewa. Da ya shiga, jijiyar farko takan rage miƙa saƙo, ta biyun kuma ta yi nauyin karɓa, a ƙwaƙwalwa ma ya rage yadda ciwon yake damun mutum. Shi ya sa za ka ji majinyaci ya ce ciwon yana nan, amma ya daina sha masa kai.

Matsalar ita ce kwaɗunan ba a kan hanyar ciwo kaɗai suke ba. Akwai su a hanji, shi ya sa maganin yake kawo taurin bayan gida. Akwai su a inda tari yake tasowa, shi ya sa aka sa kodin a maganin tari. Akwai su a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, kuma ta nan yake kisa. Sannan akwai su a ɓangaren da yake sa mutum ya ji daɗin abu har ya so ya maimaita, inda wasu jijiyoyi suke riƙe da linzamin wani sinadari mai suna dofamin. Maganin yana sa mai riƙe da linzamin gyangyaɗi, dofamin ya kwararo fiye da yadda abinci ko hutu ko ganin iyali za su taɓa fitar da shi, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa wannan abu ya fi komai muhimmanci.

Injiniya Kabiru:
Malam Auwalu, na gode da wannan bayani, amma ni a ganina ya ƙara wa hujjar yayan nasu ƙarfi ne. Ina zaune a Amurka, kuma bala'in shan ƙwaya da ya faru a nan da takardar likita ya fara, ba da 'yan daba ba. A 1980 wasu masu bincike biyu suka aika wa wata mujallar likitoci wasiƙa mai jimla biyar kacal, suna cewa cikin majinyata kusan dubu goma sha biyu da aka ba irin waɗannan magunguna a gadon asibiti, huɗu ne kawai suka kamu da jarabarsu. Aka ɗauki wannan 'yar wasiƙa aka yi ta kafa hujja da ita shekara da shekaru, alhali ba ta ce komai ba game da wanda zai tafi gida da kwalba ya yi wata shida yana sha. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani maganin ciwo ɗan dangin mofin, yana tallata cewa haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne, a 2007 kuma ya amsa laifin yaudarar jama'a a kan wannan magana, aka ci tarar da ta haura dala miliyan 600. Da aka tsaurara rubuta maganin, waɗanda suka riga suka kamu suka koma heroin, daga nan suka koma fentanil, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau hamsin zuwa ɗari. A 2021 mutanen da shan ƙwaya fiye da kima ya kashe a ƙasar nan sun haura dubu ɗari, kuma kusan dubu tamanin daga cikinsu wannan dangin ne ya kashe su. Tun kafin nan ma, a 1898 kamfanin Bayer ya sayar da heroin a matsayin maganin tari. Saboda haka idan an ce mini likita ne ya rubuta, hankalina ba ya kwanciya nan take.

Dokta Maryam:
Injiniya, tarihin da ka kawo daidai ne, sai dai ina ganin ka ɗora shi a kan wanda ba nasa ba. Abin da ya jefa Amurka cikin wannan hali shi ne ba masu ciwon baya da ciwon gaɓoɓi na yau da gobe magani mai ƙarfi na tsawon watanni, mutanen da shekaru masu yawa suke gabansu, kuma ciwon nasu yana da wasu hanyoyin magani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani bincike a 2017 wanda ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara ba irin wannan magani, kusan kashi 6 cikin ɗari suna nan suna sha bayan shekara guda, amma idan shan farko ya kai wata ɗaya, adadin yakan kai kusan kashi 30. Abin lura shi ne an cire masu ciwon daji daga wannan lissafi tun farko, domin kowa ya san tasu maganar daban ce.

Baban Safiyya, ina roƙonka ka karanta wa yayanku wannan sashe, domin abubuwa uku ne mutane suke cakuɗawa su kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne sabo, wato jiki ya rage amsa maganin har a buƙaci ƙari kafin a sami irin sauƙin da aka samu da farko. Na biyu shi ne jiki ya dogara da maganin ta yadda idan aka yanke shi farat ɗaya zai yi bore. Waɗannan biyun za su iya samun duk wanda ya yi makonni yana sha, har da Mama, kuma maganinsu shi ne likita ya daidaita awo, in za a daina kuma a riƙa ragewa sannu a hankali. Na uku shi ne jaraba, kuma ita ce cutar da ta kama ɗan yayanku: mutum ya riƙa neman maganin don kansa ba don ciwo ba, ya yi ƙarya a kansa, ya sayar da kayansa, ya ga yana cutar da shi amma ya kasa bari. Jaraba ta fi kama matasa, da wanda ya taɓa shaye-shaye, da mai fama da damuwa ko wani ƙunci da yake neman gudu daga gare shi, da wanda yake auna wa kansa. Tsohuwar da ciwo ya ci ƙashinta, wadda wani ne zai auna mata a kan lokaci, tana nesa ƙwarai da wannan siffa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta tsara matakai uku na rage raɗaɗin ciwon daji, daga farasitamol, zuwa irin su kodin, zuwa mofin, kuma likitan Mama ya hau mataki na uku ne saboda na ƙasa sun gaza.

Abin da yake ba ni takaici a aikina shi ne muna fama da bala'i biyu a lokaci guda. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana samun tramol a bakin tasha cikin minti biyar, mai ciwon daji kuwa sai 'ya'yansa sun zaga gari kafin su sami mofin, in an samu ma tsoro ya hana a ba shi.

Wani Ɗan'uwa:
Ku gafarce ni ban sa sunana ba. Ni na sha tramol shekara huɗu, kuma yau shekara uku ke nan da Allah ya raba ni da ita. Ba don ciwo na fara ba. Dako nake yi a kasuwar hatsi, wani abokin aiki ya ba ni guda ɗaya ya ce maganin gajiya ce, kuma ranar na sauke buhunan da ban taɓa saukewa ba, na koma gida ina jin kamar ban yi komai ba. Wata uku ina shan ɗaya, sai ta daina isa, na koma biyu, na koma mai lamba 225, har ya zamana ina shan huɗu kafin azahar. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, bayan shekarar farko ba daɗi nake nema ba, daɗin ya tafi tuntuni. Ina sha ne don kada in wayi gari da hamma da hawaye da majina, ga gumi ga sanyi a lokaci ɗaya, ga gudawa, ga ƙashina kamar ana sara da gatari, ƙafafuna kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya in na kwanta. Wanda bai ɗanɗana wannan ba zai ce rashin zuciya ne. Ranar da na faɗi a tsakiyar kasuwa ina jijjiga da buhu a kaina, mutane suka ce iska ce, aka kai ni wajen ruƙiyya, ni kuwa na san abin da ya kayar da ni. Wani kawuna ne ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa, aka rage mini a hankali, aka yi watanni ana zama da ni. Ina so in ce wa yayan Baban Safiyya, ni da Mama ba tafiya ɗaya muke yi ba. Ni lafiyata ƙalau na je na nemo wa kaina.

Auwalu Mai Haɗa Magani:
Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya, ɗan'uwa, ya tsare gaba. Faɗuwar da ka yi tana da dalili sananne. Tramol ba kwaɗon nan kaɗai take taɓawa ba, tana kuma ƙara wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, serotonin da noradirenalin, kuma su ne suke kawo kuzarin da 'yan dako da masu aikin gona suke nema, su ne kuma suke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan awo ya yi yawa. Iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini shi ne miligiram 400, abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi kuwa ƙwaya mai 50 ce da mai 100. Duk mai 200 ko 225 ko 250 ta ɓarauniyar hanya ta shigo. Huɗu masu 225 miligiram 900 ke nan, ka ga ashe ka ninka iyakar fiye da sau biyu kafin rana ta raba. Boren da jikinka yake yi da safe kuma, dalilinsa shi ne maganin ya daɗe yana danne jijiyoyin da ke tayar da jiki, su kuma suka ƙara ƙaimi don su rama, to ranar da aka ɗauke dannin sai su yi tsalle gaba ɗaya. Yawanci yakan fara tsakanin awa takwas zuwa ashirin da huɗu bayan shan ƙarshe, ya ɗauki kwana huɗu zuwa goma.

Isuhu Ɗan Maraɗi:
Mu ma a nan Nijar wannan magana ce ta kowane gida, kuma abin da na lura shi ne duk lokacin da aka toshe wata ƙofa sai wata ta buɗe. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 BBC ta nuna yadda ake cinikin maganin tari mai kodin a Nijeriya, a ranar 1 ga Mayu gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. A wannan shekarar Indiya ma ta tsaurara fitar da tramol. Sai ga wasu sababbin ƙwayoyi irin su Tafrodol sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma, haɗin tafentadol ne, wanda shi ma dangin tramol ne, da wani maganin sassauta tsoka mai suna karisofurodol, kuma sai a Fabrairun 2025, bayan wani binciken BBC, Indiya ta haramta wannan haɗi. Yaranmu duk tramol suke kiransu, ba su san abin da ke ciki ya canza ba.

Nas Rakiya:
Ƙididdigar da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya a 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki kuma irin waɗannan magungunan asibiti suka sha ba bisa ƙa'ida ba, sannan cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka matsalar 'yan dako ce kawai.

Amma ni inda na fi ganin abin da idona shi ne wajen masu sikila, kuma a nan maganar Injiniya tana da gurbi. Yaro zai zo cikin ciwo a yi masa allurar penta, wato pentazosin, ya sami sauƙi, ya dawo a sake yi masa, ran nan sai ya ga layin asibiti ya yi tsawo ga kuɗin kati, ya tafi kemis ya saya ya koyi yi wa kansa. Na ga cinyoyin da suka taurare kamar itace, da gyambon da ya ƙi warkewa saboda yawan allurar nan. A gefe guda kuma na ga mai sikila na gaskiya yana birgima a ƙasa, ma'aikaci yana kallonsa yana cewa ƙwaya ce ta kawo shi. Na taɓa yin wannan zato da kaina ga wata yarinya a farkon aikina, na jinkirta mata magani kusan awa biyu, daga baya gwaji ya nuna ciwon ya taɓa ƙirjinta. Har yau ban manta da fuskarta ba.

Baban Safiyya:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya duk abin da kuka rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce saura maganar addini, tunda hadisi ya ce abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Allah ya gafarta Malam Habibu, ko za a taimaka mana?

Malam Habibu:
Hadisin ingantacce ne, kuma Allah ya saka wa yayanku da alheri da ya tsaya a kansa. Sai dai malamanmu na Malikiyya, irin su Imam Ƙarafi, sun bambanta tsakanin abin sa maye irin giya, da abin da yake gurɓata hankali, da abin da yake sa barci ya gusar da ji, kuma an halatta a shayar da mutum abin gusar da hankali idan za a yanke masa gaɓa. Da ba haka ba, da babu tiyatar da za ta halatta. Ƙa'idar ita ce larura tana halatta abin da aka hana, kuma ana auna ta da gwargwadonta, wanda zai auna gwargwadon kuwa likita ne amintacce, ba ɗa ba, ba kuma ni ba. Ku gaya masa cewa uwar da zafi ya hana ta kammala Fatiha tana da haƙƙi a kansa. Allah ne mafi sani.

Injiniya Kabiru:
Dokta, na karɓi gyara a kan Mama. Amma ina nan a kan bakana game da kwalbar, domin a nan matasa da yawa daga ragowar maganin iyaye da kakanni suka fara. Jikan nan da aka ce tramol ta kama, a gidan yake kwana?

Baban Safiyya:
A gidan yake, Injiniya, kuma wata biyu ke nan da ya daina sha. Jiya bayan isha'i Yaya ya fito da kwalbar da kansa, amma ya ce makulli zai zauna a hannunsa, shi zai riƙa aunawa yana rubuta lokaci a littafi. Mama ta yi barcin da ba ta yi ba tun kafin salla, da asuba har ta nemi kunu. Sai dai ta yi ta gyangyaɗi da hantsi, wannan ya sa Yaya yana tunanin tsallake na dare.

Dokta Maryam:
Alhamdu lillahi. Kada ya tsallake ba tare da ya kira likitanta ba, domin hikimar awa huɗun ita ce a riga ciwon, ba a jira ya dawo a bi shi a baya ba. Gyangyaɗi da ɗan tashin zuciya sun saba zuwa a kwanakin farko su wuce, balle ga wadda take bin bashin barci na makonni. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka ku tambayi maganin sassauta ciki tun yau. Abin da za ku sa wa ido shi ne numfashi: idan ana tashinta ba ta tashi, ko numfashin ya yi ƙasa da goma a minti ɗaya, ko tana wani irin minshari da ba a saba ji ba, ga ɗigon baƙin idonta ya tsuke kamar kan allura, ku kwantar da ita a gefe ku garzaya asibiti, kada a ɗura mata madara ko manja. Akwai allura mai suna naloson da take fizge makullin daga kwaɗon cikin mintuna, amma ƙarfinta yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, shi ya sa ko mutum ya farfaɗo ba a sallamarsa nan take. Kada kuma a haɗa mata da maganin barci irin diyazefam sai da sanin likita, kuma a sanar da shi idan fitsarinta ya ragu, domin ta ƙoda ragowar mofin yake fita.

Game da jikan, tambayar Injiniya ta fi duk abin da na faɗa gaggawa. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba sabonsa ya zube, kuma awon da ya saba ɗauka a da zai iya tsayar masa da numfashi yau. Makullin ya zauna a aljihun Yaya dare da rana, a riƙa duba abin da ya rage a kwalbar ana gwada shi da littafin, kuma ranar da aka canza wa Mama magani a mayar da ragowar ɗakin maganin da aka karɓo shi.